Harawa Kafin Dusa, da Batun Kanwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce saniyar da ka ɗaure a Ɗorayi, ruwa-biyun nan ta Bunaji da ta Turawa, kana cika mata komi da dusa da barzajjiyar masara daga Dawanau don nono ya ƙaru, sai ga zawo, ga ɗingishi. Kana son sanin me ya sa kakanninka ba sa ba saniya dusa sai ta ci harawa, kuma ba sa raba ta da kanwa.

Ba camfi ba ne. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbi, kuma ƙananan halittun da ido ba ya gani ne ke narka abincin a can. Su kake ciyarwa, su kuma su ciyar da ita. Harawa da karmami su ke sa ta kwanta ta yi tuƙa. Tuƙar nan ita ke kawo yawu, fiye da lita 100 a yini, yawun kuma shi ke kashe tsami. In tsaba ta faɗa tumbin da babu ciyawa, nan take take tsami, halittun da ke narka ciyawa su ragu, tuƙa ta ja baya, kashi ya tsinke.

Ga inda ƙafa ta shigo. Waɗannan halittu su ke haɗa mata sinadarin bayotin, wanda likitoci ke kira bitamin B7. Da shi kofato ke yin ƙwari, da shi kuma hanta ke haɗa sukarin da ake buƙata wajen yin nono. Tumbi mai tsami ba ya samar da shi yadda ya kamata, tsamin kansa ma yana taɓa ƙafa. To ka haɗa da dandamalin siminti mai laima irin namu na birni, wanda shanun ruga ba su san shi ba.

Kanwa kuwa, aikinta a tumbi shi ne wanda mahaifiyarka ke sa ta yi a miyar yakuwa. Amma 'yar kaɗan, a ruwa ko a lasa. Ba za ta gyara ɓarnar da cika komi da dusa da masara ke yi kullum ba.

Ban hana ka dusa ba, irin wannan saniya ba ta ƙoshi da kara kamar tamu ta gida. Harawa tukuna da safe, dusar ka raba ta biyu ko uku, masarar ka rage a hankali cikin mako biyu. Ka share ƙarƙashin saniyar ya bushe.

Bayotin na sayarwa, abin da aka saba ba mai nono shi ne miligiram 20 a rana. Kada ka sa ran ganin sauyi gobe, domin kofato kusan milimita 5 kawai yake tofowa a wata, sai an yi watanni. Kafin ka kashe kuɗinka, kira likitan dabbobi ya ɗaga ƙafar ya duba tsakanin kofaton, ko ƙusa ce ko ruɓa.