Amsa ga ɗan'uwan da aka ɗauke wa waƙar kamfe aka yi mata rajista da wani suna

Salamu alaikum 'yan gida. Ɗan'uwa, ka ce ka yi wa ɗan takarar ciyaman waƙa, yaronsa ya ba ka rabin kuɗi ya daina ɗaga waya, amshin ya fashe a TikTok, da ka ɗora ta a tasharka ta YouTube kuma aka ce ta wani ce. Wallahi tun da na karanta raina yake ɓace, don wannan ciwon na san shi, da yawanmu a nan mun san shi. Kana tambaya ko ka goge ta, ko ka fito bidiyo ka tona musu asiri. Kar ka yi ko ɗaya tukuna.

Yau ɗin nan ka koma situdiyon da aka buga ta. Ka ce makiɗin ya tura maka asalin aikin a filashi: waƙar a WAV (fayil ɗin sauti na asali da ba a matse ba), muryarka daban, kiɗa daban, muryar 'yan amshi daban, da fayil ɗin aikin kansa mai ɗauke da ranar da aka buɗe shi. Ɓarawon nan ba shi da komai sai mp3 da ya tsinta a WhatsApp ko ya zare daga TikTok, ba zai taɓa kawo muryarka tsura ba tare da kiɗa ba. Ka adana hirarku da yaron ɗan takarar, saƙonnin murya, da alat ɗin rabin kuɗin, ka ajiye kwafi a imel saboda waya tana ɓata. Sannan ka tambayi makiɗin tsakani da Allah: kiɗan nan ya taɓa sayar wa wani? Wasu situdiyo kiɗa ɗaya suke juya wa mawaƙa uku. In haka ne, mai yiwuwa na'urar Content ID, wato tsarin YouTube da ke gane sautin da wani ya riga ya yi wa rajista, kiɗan ta kama, kuma wanda ya riga ka rajista bai ma san da zamanka ba.

Ka shiga YouTube Studio, wato shafin da kake sarrafa tasharka, ka duba me aka buga maka, don abu biyu ne. Akwai iƙirarin mallaka na Content ID: galibi bidiyon yana nan, tasharka lafiya, kuɗin talla ne ke tafiya aljihun wani. Akwai kuma gargaɗin kwafirayit, wanda ake sauke bidiyo, kuma guda uku cikin kwana 90 suna rufe tasha gaba ɗaya. In na farko ne, ka danna wurin ƙalubalanta, ka zaɓi cewa kai ne mai asalin aikin, ka rubuta sunan situdiyo da ranar bugawa. Mai iƙirarin yana da kwana 30, in bai amsa ba iƙirarin ya faɗi. In ka goge bidiyon ka rasa ranar ɗorawa da masu kallo da wurin ƙalubalantar duka. A jikin iƙirarin za ka ga sunan kamfanin rarraba waƙoƙin da aka bi ta hannunsa. Ka rubuta musu kai tsaye da hujjojinka, galibi nan ne maganar ta fi saurin mutuwa, don su ma ba sa son kayan sata a rumbunsu.

Abin da ke ƙona min rai shi ne irin mutumin da ke wannan aikin. Bai san wahalar tsara baiti ba, bai biya 'yan amshi ba, bai zauna jiran wuta ko ya sayi man janareta ba. Yana zaune da waya yana jiran abin da ya fara tashe, ya ƙara masa sauri kaɗan don na'ura ta rikice, ya liƙa hoto, ya sa suna. Kai da ka yi gumi kai ne ake ce wa ka kawo shaida. Allah ya isa.

Shi kuma yaron ɗan takarar, ka sani sau da yawa mai gidan ya fitar da kuɗin cif, a hanya aka gutsure. Wani ma zai ce maka "ai mai girma ya ji daɗi, in an ci za a tuna da kai". In an ci ba ka ganinsu, in an faɗi su ce kowa ya yi asara. Ka nemi wani dattijo a jam'iyya ko ofishin kamfe ya kai maganar ga ɗan takarar da kansa, kuma kafin ranar zaɓe, lokacin da suke tsoron ɓacin suna. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, mallaka tana farawa ne daga wanda ya ƙirƙiri aikin, kuma ba ta komawa hannun wani sai da rubutu. Tunda ba ka sa hannu a komai ba, ba ka sayar ba. Nan gaba ka karɓi kashi biyu cikin uku na kuɗin kafin ka shiga situdiyo, ka tura ɗanɗano na daƙiƙa 30 kawai, cikakkiyar sai ciko ya shigo.

Maganar tona asiri kuwa, don Allah ka danne zuciya. Na san baitin zambo ya riga ya zo maka baki. A Nuwamba 2022 kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda bidiyon da suka yi wa Ganduje, gwamnan Kano na lokacin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko bayan gyaran 2024, har yanzu ana kama mutane da shi. In a Kano kake ga Hukumar Tace Fina-finai, wadda mawaƙa ma a ƙarƙashinta suke. Kuma ka lura da sojojin baka da ke ɗora amshinka a kan hoton abokin hamayya suna zagi: murya taka ce, kai za a fara nema. Ka rubuta a shafinka cewa ba da yawunka ba, ka ajiye hoton rubutun, waɗanda suka wuce gona da iri ka kai ƙararsu ta fom ɗin haƙƙin mallaka na TikTok.

Wani abu da ake rainawa: rubutun suna. Mutanenmu ba sa danna ƙ da ɗ in suna bincike, "wakar" suke bugawa, kuma ba sunan da ka raɗa wa waƙa suke nema ba, kalmomin amshin da suka ji suke rubutawa. Ɓarawo ya san wannan, shi ya sa tasa ke fitowa sama. Ka sa layin amshin a take yadda ake bugawa, rubutun daidai ya zauna a bayani.

Kar ka ɗora rai kan kuɗin intanet ɗin ma. YouTube sai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin kason talla, kuma sai ya kai dala 100 ake turowa. Spotify tun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba ta kawo ko sisi. Waƙar kamfe kuma da an sanar da sakamako ta kwanta. Tunda karin ya karɓu, ka cire sunan ɗan takara, ka sake baitocin su zama na biki, ka bi ta kamfanin rarraba waƙoƙi irin su DistroKid ko TuneCore ko CD Baby ka samu lambar ISRC (lambar shaidar waƙa) da sunanka, hoton bango mai girman pixel 3000 sau 3000, ka jira ta bayyana a Audiomack da Boomplay da sauransu. Sai bayan nan ka saki ko daƙiƙa 15 a TikTok, kuma ka gaya wa yaran situdiyo kar wanda ya tura wa kowa kafin lokacin.