Amsa ga ɗan'uwan da zai fara karatu a Michigan: ka sayi tikitin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da samun gurbin karatu a Jami'ar Michigan, Allah ya sa a gama lafiya. Ka tambaya ko akwai amfanin kashe kuɗi a kallon ƙwallon ƙafar Amurka na ɗalibai alhali ko dokokinsa ba ka sani ba. Na yi karatu a Ann Arbor, garin da jami'ar take, kuma shawarata ita ce ka je. In ba ka shiga filin wasan jami'ar ranar Asabar ba, rabin garin kawai ka gani.

Dokokin kada su dame ka. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, bugun da ya ratsa tsakanin ƙarafa maki 3. Minti 60 ne a agogo, amma da tsaye-tsaye sai ka shafe fiye da awa uku. Sauran na kusa da kai zai koya maka, har da wanda ba ka tambaya ba.

Filin shi ne abin kallo. An buɗe shi a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601, babu wanda ya kai shi girma a Amurka. Daga waje ba za ka ga girmansa ba, domin yawancinsa a cikin ƙasa aka haƙa shi. Sai ka wuce ƙofa ka ga rami ya buɗe a gabanka, cike maƙil da mutane sanye da rawaya da shuɗi, har sai ka ji ƙafarka ta yi sanyi. 'Yan badujala su fito a jere, 'yan wasa su fito da gudu kowa na tsalle ya taɓa ƙyallen da aka ɗaga musu a tsakiyar fili. Tsoho mai sanda da jikarsa suna rera taken makaranta baki ɗaya. Hawan sallah kaɗai na sani da ke fito da gari kaf haka. Ɗalibai kuwa a tsaye suke kallo tun farko har ƙarshe, ka shirya ƙafarka.

Akwai gabar da ya kamata ka sani kafin ka sauka: Michigan da Jami'ar Ohio State. Tun 1897 suke karawa, yanzu a ƙarshen Nuwamba. Abin ya fi zafi daga 1969 zuwa 1978, lokacin da koci Bo Schembechler na Michigan yake fuskantar koci Woody Hayes na Ohio State, wanda a ƙarƙashinsa ya yi aiki a da. A shekararsa ta farko yaro ya kayar da maigida 24 da 12, har yau dattawan garin ba su gaji da ba da labarin ba. A Columbus, garin da Ohio State take, makon wasan, har harafin M suke rufewa da jan tef a allunan makaranta. Don haka ranar nan kada ka kuskura ka sa jar riga, launinsu ke nan. A ganina koci a can ya fi ƙarfin mai horarwa kawai: wanda ya ci kowa amma ya faɗi a wannan wasan, ba za a bar shi ya sha ruwa ba. Jim Harbaugh, tsohon kocin Michigan, ma sai da ya sha surutu shekaru kafin ya fara cin Ohio State a 2021, ya ɗauki kofin ƙasa na kakar 2023.

Ranar wasa tun da sassafe za ka ga mutane sun buɗe bayan motocinsu a wuraren ajiye mota, sun kafa rumfa, ana gashi. Suna da kyauta, za su miƙo maka faranti ba tare da sun san ka ba. Ka tambaya kafin ka ci, naman alade ya yi yawa a wurin, giya ma haka. Ka ce ba ka sha, ba wanda zai takura maka.

Ba a shiga filin da jaka, kuma in ka fita ba komawa. Wasan da aka fara ƙarfe 12 na rana zai haɗa da Azahar, a Nuwamba har La'asar, saboda rana gajeriya ce, sai ka yi alwala tun daga gida ka nemi lungu a lokacin hutun rabin lokaci. Ka fara da wasan Satumba, kafin sanyi ya sauko. In za ka je na Nuwamba, ka ninka safa, ka sa safar hannu da hular sanyi, domin ta tafin ƙafa sanyin simintin yake shiga. Tikitin ɗalibai na kaka guda ya fi araha, amma da wuri ake sayar da shi, ka riƙa duba imel ɗin makaranta tun yanzu.