Amsar tambayarka kan kabarin kakanku da sadakar arba'in

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka aiko kuɗi a zagaye kabarin kakanku da bulo, a kafa allo da sunansa, don kada jikoki su manta da shi. Ka kuma tambaya ko za a yi masa sadakar arba'in, tunda abokanka a birni suna cewa bidi'a ce. Allah Ya yi maka albarka da wannan tunani.

Maganar bulo dai, ka bar ta. Ka ga makabartar garinmu da idonka: tudun ƙasa ne, sai fasasshiyar tukunya ko dutse a wajen kai, bayan 'yan damuna ya kwanta. Ba rashin kuɗi ba ne, ba kuma rashin kula ba. Hadisi ya hana shafe kabari da yin gini a kansa, abin da aka yarda da shi alama ce kawai, kamar yadda Annabi (SAW) ya ajiye dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane wurin. Ban da haka, in ka gina na Malam, wato kakan naku, gobe ɗan mai gari zai gina na ubansa ya fi shi tsawo, jibi marayan da ba shi da ko sisi ya shiga makabarta yana sunkuyar da kai. Nan ne kaɗai wurin da sarki da talaka suke kwance daidai, kada a fara ɓata shi daga gidanmu.

To a ina muke ajiye mutum in ba a kabari ba? A suna. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa duk gidan nan ba mai kiran ƙaninka da sunansa na yanka, sai Abba? Sunan Malam ne aka mayar masa, mu kuwa ba ma iya buɗe baki mu kira sunan mahaifinmu gatsal, sai mu sakaya. Haka Ummi ta gidan gwaggonka, sunan kakarku mace take ɗauke da shi. Duk Babangida, Baffa, Inna ko Iya da ka ji ana kiran ƙaramin yaro, akwai wani tsoho a bayansa. Ranar zaman makoki na ga wata tsohuwa ta kamo hannun Abba, ta ce, “Zo nan, mijina, ashe ba ka tafi ba.” Aka yi dariya, ita kuwa tana share ido da bakin zane. In yaron nan ya yi ƙiriniya, za ka ji an ce mai sunan bai yi haka ba, daga nan sai a shiga ba shi labarin mai sunan. Ta haka ni ma na san kakana wanda ban riska ba, na san ya yi fataucin goro, na san ba ya cin abinci shi kaɗai.

Sai abokansa. Wannan ne samarin yanzu suka fi sakaci da shi. Ya zo a Sahihu Muslim cewa mafi girman biyayya shi ne mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan ba shi. Annabi kuma yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Akwai tsohon da suka yi karatun allo tare da Malam, wanda kullum bayan la'asar suke zama a gindin darbejiyar ƙofar gida. Har yau yakan zo da buzunsa ya zauna, ya bar gefen Malam ba kowa. Ba mu ce masa komai, shayi kawai muke kai masa. Ranar da kaka ta yi, damin gero na farko nasa ne, yadda Malam ya saba. Zumunta a ƙafa take, in ka zo ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka riƙe masa goro.

Batun arba'in kuwa, gardama ce da ta girme ka. Da can ana sadakar uku, da bakwai, da arba'in, har da shekara, a daka gumba, a soya waina, malamai su sauke Alƙur'ani. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, da wa'azin irin su Sheikh Abubakar Gumi, gidaje da yawa suka tsaya a kwana uku na karɓar gaisuwa. Abokanka suna da hujja a wuri guda: ba a ƙayyade wa sadaka rana ba, kuma da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ɗan baffan Annabi, ya yi shahada umarni aka yi a dafa wa iyalansa abinci, ba su su dafa wa jama'a ba. Na ga gidan da aka sayar da akuyar marayu don a ciyar da masu ƙoshi, wannan kam ban yarda da shi ba. Amma ban ga laifin gwaggonninka ba in sun ce za su taru su yi masa addu'a, su raba gumba ga yara. Ba zan hana su ba, ba kuma za a taɓa ko ƙwayar gado don haka ba. Ita matarsa, takabarta wata huɗu da kwana goma ce, wannan Alƙur'ani ne ya faɗa, ba al'ada ba. Ka riƙa kiranta a waya kana jin lafiyarta.

Kuɗin da ka tanada, ga inda nake ganin za su yi masa amfani. An yi cigiyar masu bin sa bashi tun ranar jana'iza, mutum ɗaya ya fito da kuɗin taki, a fara biyan wannan. Saura a gyara bakin rijiyar masallaci da ya zube, tunda sadaka mai gudana tana cikin abubuwa ukun da ba sa yankewa, tare da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a. In ka zo da salla, ka taho da littafi da biro ka zauna da babbar gwaggonka. Ita kaɗai ta rage da ke iya jero kakanninmu da inda kowa ya yi aure, ga shi ƙarfi ya fara barin ta.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Baffanka ne.