Filin mahaifiyata ne, amma ʼyanʼubana na shirin raba gidan

Tambaya: Barista, ina da wata takwas a duniya mahaifiyata ta rasu, ni kaɗai ta haifa. Uwargidan babana ce ta raine ni tare da ʼyaʼyanta huɗu, Umma nake ce mata har yau. Shekarata 29. Bara Baba ya rasu, ana shirin rabon gado sai ƙanwar mahaifiyata ta ce filin da aka gina gidanmu a kai, mahaifiyata ce ta saya da kuɗin gwal ɗinta. Yayanmu ya hana ni ganin takardu. Ko muryarta ban sani ba, filin nan ne kaɗai abin da ta bari. Ba nawa ba ne ni kaɗai?

Amsa: Allah Ya jiƙansu duka biyu, Ya ba ki haƙuri. Na ji zafin da ke cikin wasiƙarki, ʼyarʼuwa, shi ya sa zan gaya miki gaskiya tun yanzu: ko da an tabbatar filin nata ne, ba naki ba ne ke kaɗai.

A ranar da ta rasu, duk wanda ke raye cikin magadanta ya samu haƙƙinsa. Bisa aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisaʼi, ʼya mace tilo tana da rabi, miji yana da rubuʼi tunda akwai haihuwa, iyayen mamaciya kowanne sudusi. Idan kakanninki na wajen uwa duka suna raye a lokacin, lissafin zai yi auli, wato jimillar rabon magada ta zarce dukiyar har sai an rage wa kowa gwargwadon kasonsa, a kasa filin kashi 13: ke shida, Baba uku, kakanninki bibbiyu. Na ce "idan", domin ba ki faɗa mini ba, kuma amsar tana canza lissafin. Kason Baba yanzu ya shiga cikin gadonsa, don haka Umma da ʼyanʼubanki suna da halastaccen rabo a ciki, ke ma kina da shi. Kason kakanninki kuma ya gangara ga nasu magadan.

Sai ginin. Fili daban, gini daban. In da kuɗinsa Baba ya yi bulo ya yi rufi, mai yiwuwa a ƙiyasta kowanne da kuɗinsa, abin da ya hau kanki ya zo a kuɗi, ba a ɗakuna ba. Ki kuma shirya jin an ce kayan ɗakin da aka yi miki daga kasonki aka yi su. Wanda ya faɗa sai ya kawo hujja, amma maganar tana tasowa sosai.

Inda na fi jin tsoro shi ne shaida. Ke ce mai daʼawa, nauyin hujja a kanki yake. A mazhabar Malikiyya, shariʼar dukiya tana tabbata da maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai daʼawa. Innarki na iya zama mai cin moriyar hukuncin ta hanyar iyayenta, ɗaya ɓangaren kuwa ba zai rasa sukar shaidarta da wannan ba. Ki nemi dillalin da ya sayar, mai unguwar lokacin, da waɗanda suka sa hannu a takardar ciniki, tun suna raye. ʼYanʼubanki za su iya kawo batun hauzi, wato mallaka ta hanyar daɗewa da riƙe fili ba wanda ya yi jayayya, amma tsakanin dangi yawanci shekara 40 ake lissafawa, ke kuma kin yi yawancin shekarun nan kina ƙarama, ba ki san da maganar ba.

Ɓoye takardu da yayanku yake yi bai dace ba, kuma ba zai amfane shi ba. Dukiyar da ba ta mamaci ba fitar da ita ake yi kafin a raba gado, shi ma ya sani.

Ƙofar Babbar Kotun Shariʼa a buɗe take: ki shigar da ƙara, ki roƙi a dakatar da rabon har a tantance. Ni dai ba nan zan fara ba. Ki rubuta wa ʼyanʼubanki cewa ba ki yarda a raba ko a sayar ba sai an warware batun filin, ki ajiye kwafi. Sannan a zauna da baffanku, da wani daga dangin mahaifiyarki, da malamin da ya san ilimin gado. In a Kano kike, Hisbah na yin irin wannan sulhu. Abin da aka cimma a rubuta, a kai kotu ta tabbatar.

Kafin zaman, ki samu Umma ke da ita, ba a gaban ʼyaʼyanta ba. Ta zauna da mahaifiyarki gida ɗaya, wataƙila ta fi kowa sanin yadda aka sayi filin. Ki tambaye ta ko akwai hoto, ko akwati, ko wani zane da aka ajiye, ki roƙe ta ta ba ki labarin yadda mahaifiyarki take magana.