Me ya kamata a rubuta a katin labarin mai amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyar ne muke gina manhajar waya ta masu kantin magani, kuma ni ce ke rubuta buƙatun aikin. Muna bin tsarin ajayil (agile), wato gina manhaja kaɗan-kaɗan, zango-zango na mako biyu. Ina rubuta labaran mai amfani (user stories), wato gajerun katunan da ke faɗin abin da mai amfani da manhajar yake buƙata, ina sa su a Jira, manhajar da muke bibiyar ayyukanmu da ita, amma a ƙarshen zango sai a kawo mini abin da ba shi nake nufi ba. Masu rubuta manhajar sun ce katunana ba su da bayani. Ga ɗaya daga ciki: "A matsayina na mai amfani, ina son rumbun bayanai na magunguna, domin a adana magunguna." Shin in riƙa tsawaita rubutun ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A'a, kada ki tsawaita. Ko shafi uku kika cika, abin da ke faruwa zai ci gaba da faruwa, domin matsalar ba ta tsawon rubutu ba ce.

Da gangan aka yi katin ƙarami. Kent Beck, wani masanin gina manhaja, shi ne ya fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da yake jagorantar aikin manhajar biyan albashi ta kamfanin motoci na Chrysler a Amurka. Da hannu ake rubuta labarin a ɗan katin takarda, saboda kada ya ɗauki komai da komai, dole a koma wurin mai buƙatar a tambaye shi. Alistair Cockburn, shi ma masanin fannin, ya kira shi alƙawarin tattaunawa. A 2001 kuma Ron Jeffries ya ce abu uku ne ke haɗa labari: kati, tattaunawa, da tabbatarwa. Daga yadda kika kwatanta aikinku, na farkon kawai kuke yi. Kina rubutawa, suna ɗauka, ba ku sake haɗuwa a kansa sai ranar nuna aiki.

Amma katin naki ma yana da gyara. Wannan salo na "a matsayina na wane, ina son kaza, domin kaza" ya fito ne daga kamfanin Connextra na Landan a 2001, Mike Cohn ya yaɗa shi bayan nan. Tambaya uku yake tilasta wa mai rubutu ya amsa: wane ne, me yake so, don me. Kin cike guraben, amma ba ki amsa ko ɗaya ba. "Mai amfani" ba kowa ba ne. A kantin magani akwai mai kanti da ke lissafin jari, akwai yaron kanti da ke sayarwa, akwai mai zuwa sari, kuma abin da ke damun kowannensu daban ne. Rumbun bayanai kuwa, wato inda manhaja ke ajiye bayananta, babu mai kantin da ya taɓa kwana yana tunaninsa. Wannan hanyar warware matsala ce, aikin masu rubuta manhaja ne su zaɓe ta. Sai gurbin "domin", wanda a wurina shi ne ran labarin, kin maimaita abin da ke sama ne kawai.

Duba wannan: "A matsayina na mai kantin magani, ina son ganin magungunan da wa'adinsu zai ƙare nan da kwana 60, domin in mayar wa dila ko in sayar da su kafin in yi asara."

Bai fi naki tsawo da yawa ba, amma yanzu akwai abin magana a kai. Ki zaunar da mai rubuta manhaja ɗaya da mai gwaji ɗaya, minti goma sha biyar, ki karanta musu. Nan take wani zai tambaya: me ya sa kwana 60? Kowane dila ne ke karɓar kayan da aka mayar? Idan farasitamol iri ɗaya ya shigo sau biyu, kowane kwali da tasa ranar ƙarewa, a haɗe za a nuna su ko a rarrabe? Wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai tana iya canza yadda za a gina rumbun bayanan gaba ɗaya, domin dole a riƙa ajiye lambar rukunin kowane kwali, ba sunan magani kawai ba. Gara a gano haka a zaman minti goma sha biyar da a gano shi bayan an ci mako biyu ana gini.

Abin da kuka tsayar a zaman shi za ku rubuta a matsayin sharuɗɗan karɓa, wato tabbatarwar da Jeffries ya ambata. Salon da Dan North ya yaɗa a 2006 yana da sauƙi: halin da ake ciki, abin da aka yi, abin da ya kamata ya biyo baya. Misali: akwai kwalin da zai ƙare nan da kwana 45, mai kanti ya buɗe shafin, kwalin ya fito da lambarsa da adadin da ya rage. Wani: babu intanet, ya buɗe shafin, ya ga jerin da aka sabunta na ƙarshe tare da ranar sabuntawar. Uku zuwa biyar sun isa. Idan kika ga sun kai goma, labarin ya yi girma, a raba shi.

Rabawar ce wurin da rukunoni da yawa suke ɓata. Bill Wake a 2003 ya tara siffofi shida na labari mai kyau ƙarƙashin kalmar INVEST, wadda aka haɗa daga harafin farko na kowace siffa a Turanci: ya tsaya da ƙafarsa, a iya sasantawa a kansa, ya amfani wanda aka yi dominsa, a iya ƙiyasta aikinsa, ya zama ƙarami, a iya gwada shi. Ta uku nake so ki riƙe. Idan aka raba aiki aka ce wannan zango rumbun bayanai, zango na gaba fuskar manhaja, kamar an kawo wa baƙo miya yau ne an ce tuwo sai mako mai zuwa. Babu abin da zai ci, balle ya gaya miki ko gishiri ya ji. Ki yanka ta yadda kowane yanki zai kai hannun mai kanti: na farko, ya shigar da kwali da hannu ya ga jerin masu kusa da ƙarewa; na biyu, wayar ta tuna masa kowace safiya; na uku, ya ɗauki lambar kwali da kyamara. Gina rumbun bayanai sai ya zama ɗaya daga cikin ƙananan ayyukan da ke ƙarƙashin yanki na farko, kuma su masu rubuta manhajar ne za su rubuta shi da kansu.

Wani abin da na lura da shi a tambayarki, kin ce "ba shi nake nufi ba". Nufinki yana da muhimmanci, amma ke ma wakiliya ce. Kafin zango mai zuwa, ki ɗauki ɗaya daga cikin masu rubuta manhajar ku je wani kantin ranar da dila ya kawo kaya. Ku tsaya ku ga yadda mai kantin yake juya kwali yana neman ranar ƙarewa, da inda yake rubuta ta idan yana rubutawa, sannan ku karanta masa katin ku ji ko kwana 60 ɗin ya yi masa.