Shin Lee Yong-dae ya taɓa cin kofin duniya a wasan maza bibbiyu?

Malam, ka ce kullum ana yabon wannan ɗan badminton na Koriya ta Kudu, kana tambaya ko ya taɓa zama zakaran duniya. A'a, bai taɓa ba, duk da sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe: 2007 da 2009 tare da Jung Jae-sung, sai 2014 tare da Yoo Yeon-seong. Na 2014 ɗin a Kopenhagen ya fi ciwo, don 'yan ƙasarsu ne, Ko Sung-hyun da Shin Baek-cheol, suka doke su.

Zinarensa na Olamfik ma a wasan namiji da mace ya samo shi, a Beijin 2008 da Lee Hyo-jung, yana ɗan shekara 19. Ranar ce ya kashe wa kyamara ido ɗaya, sunansa ya cika Koriya. A na maza kuwa tagulla ya ci a Landan 2012, sannan a Rio 2016 'yan Malesiya suka fitar da shi da Yoo a zagayen kwata fainal, alhali su ne na ɗaya a duniya.

Ni dai ban ga wannan ya rage shi da komai ba. Kalli tsaronsa: a yi ta zabga masa duka, yana durƙushe yana mayarwa, har abokin karawa ya gaji ya jefa raga. Shi da Jung (ya rasu a 2018) sun ci babbar gasar badminton ta All England a 2008 da 2012.