Tayar gaba tana ƙara: boris ne ko birki?

Tambaya: Salam Malam, don Allah mashin ɗina ne ya fara wata ƙara a tayar gaba, ƙiii-ƙiii haka, musamman in ina tafiya a hankali, amma da na ɗan taɓa birki sai ta yi shiru. Birkin mai diski ne. Wani ya ce min wai boris ne, gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Ni dai ban ga alamar boris ba, don ƙarar boris gurnani ce kuma ba ruwanta da taɓa birki, ƙaruwa ma take in ka ƙara gudu. Ka kafe mashin ɗin, wani ya danne baya tayar gaba ta tashi, sai ka juya ta da hannu kana saurare, sannan ka kama ta sama da ƙasa ka jijjiga gefe da gefe. In ta yi ƙwas-ƙwas to boris ne, in ba ta motsa ba ka koma kan birki.

Haska fitila cikin kalifa (gidan birkin da ke rungume da diskin) ka duba fad ɗin da ke matse diskin, in abin da ya rage bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba a canza kawai, kar ƙarfe ya fara cin diski. Wani lokacin ma yashi ne ya maƙale ko fistin da ke tura fad ɗin ya ƙi komawa, za ka gane in ka yi 'yar tafiya ba ka kama birkin gaba ba amma diskin ya ɗau zafi (a hankali dai, yana ƙona yatsa). In kuma hannun birki na harbawa a yatsunka, diskin ne ya lanƙwashe. Kuma don Allah kar bakanike ya shafa maka giris ko mai a fuskar fad wai don ƙara ta mutu, birkin ne zai daina kamawa.